Na Kori Taubashina, Ya Ƙi Koruwa

Zuwa ga Mai Girma Babban Sakatare mai kula da ma'aikata, can hedikwata,

da mataimakinshi, da mataimakin mataimakinshi, da akawuna manya da ƙanana, da masu buga tafireta, da masinjojin da ke gyangyaɗi bisa benci, da direbobi, da mai shayin bakin ƙofa, da jama'ar Kankiya da Kusada kaf, manoma da masu shanu, masu karatu da waɗanda sai an karanta masu, har da bawan Allah da zai tsinci takardar ga an ƙunso mashi ƙosai cikinta. Assalamu alaikum. Gaisuwa ce buhu guda na aiko, kowa shi ɗebi rabonshi, ban da wawaso.

Bayan gaisuwa da ban girma, ranka shi daɗe, ni ne Lawal Tankifa na Kankiya, guga sha kwaramniya, mai riƙe da leburorin hanyar burji da ta tashi daga Kankiya ta nufi Kusada. A takardunku kun ce sunan aikina mai kula da ma'aikata na sashen hanya. Nan garin in ka tambayi mai wanga suna sai a yi ta kallonka. Amma ka ce Tankifa, ko akuya ta rako ka ƙofar gidana. Shekarar da anka samu mulkin kai na shiga aikin ga ina masinjan En'e, ƙafata ba takalmi. Yau ga ni da tebur mai aljihu biyu, ɗaya ma shina buɗuwa.

Rubutun ga da hannuna na yi shi. Aji biyu na yi a elementare anka fidda ni in bi jakuna, sauran na ƙarasa a ajin yaƙi da jahilci. In kunka ga wani harafi ya hau wuyan ɗan'uwanshi, ku raba su, ku ne masu ilimi. Na rubuto maku a asirce har sau biyu, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Na hau mota na zo da kaina, na wuni bisa bencin ƙofar ofishinku, da safe anka ce kuna taro, da yamma anka ce kun fita rangadi. To, ranar wanka ba a ɓoye cibi. Shi ya sa na kawo maganar jarida, kowa shi ji.

Na ɗaya. Ina so ku san irin aikin da kunka ba ni, don na lura daga can kamar zaman inuwa kuke ganinshi. In albashi ya makara, ba ƙofarku ake bugawa ba, tawa ce. In lebura ya amshi albashi bai kai gida ba, matarshi ni take aiko ma da ƙara. In biyu sunka yi faɗa kan diga, ni ne alƙali, ni ne ɗan doka, ni ne mai ba da haƙuri. In kunka ce a ƙara aiki, ni ne mugu. In sunka ce a ƙara kuɗi, ni ne marar kunya a wajenku. Neman hutu kuwa ba a magana. Akwai lebura guda da kakarshi ta rasu sau uku a hannuna, duk ukun na je ta'aziyya, a na ukun ita ta kawo mani ruwan sha. Na sha, na yi mata addu'ar Allah shi jiƙanta, munka yi dariya har da ita. Haka nike tafiyar da mutane, da wasa da dariya, kuma kafin bana hanya ba ta taɓa yankewa a hannuna ba. Duk wanga ban taɓa kawo maku kuka ba. Da bakina na iya da su, don Allah ya ba ni baki, ko maƙiyina ya shaida.

Na biyu. Akwai tsarin da muke bi tun zamanin En'e, ba ni na ƙago shi ba, iske shi na yi. Lebura a ƙasar ga manomi ne da ya ara ma gwamnati hannunshi. Ranar da ruwan shuka ya sauka, ko wa ya kira shi gona zai nufa, don laimar ƙasa ba ta jiran a tashi daga aiki. Balle tun bayan farin nan da ya kashe shanu ya bar rumbuna wayam, ba mai wasa da ruwan fari. To, don kada hanya ta wuni ba kowa, kowane lebura da shebur ɗinshi, an ƙona mashi alama jikin ƙota, wani kibiya, wani zobe, wani ƙafar kaza. In uzuri ya tsare mutum, sai shi miƙa ma ƙanenshi ko babban ɗanshi shebur ɗin. Wanda ya zo da shebur, shi ne mai shi a ranar. Ni da safe shebur nike dubawa, da yamma in duba aiki. Rami bai tambayar wa ya cike shi. Gwamnati ta samu aikinta, gida ya samu shukarshi, albashi ya tafi gidan da anka yi zufar. Manyan da sunka wuce duk sun san da haka, sun kau da kai, wani ma ya ce dabara ce mai kyau. Laifinmu guda, ba wanda ya taɓa sa abin a takarda. Ni kuwa da bakina na sha gaya ma mutanena, ku je ku yi shuka, ina nan, ba abin da zai faru.

Na uku. Farkon daminar bana, daren wata Talata, ruwa ya kwana shina zuba. Gari ya waye ƙasa ta jiƙu, duk mai sungumi ya saɓa abinshi. Ranar ce mai binciken da kunka aiko ya sauka. Saurayi ne natsattse, ba zan yi mashi ƙarya ba, har Baba ya kira ni. Ya ce tun da kuɗin man fetur sunka yawaita an gano wasu wurare ana biyan albashi ga mutanen da babu su, har da waɗanda sunka daɗe a kushewa. Na ce gaskiya ne, ni ma na ji labari, amma nawa duk masu rai ne, in bai yarda ba shi aje masu tuwo shi gani.

Ya sa anka jera su bakin hanya. Ya fiddo hotunan nan da anka ɗauki ma'aikata bara. Shi kira suna, shi dubi hoto, shi dubi fuska. Da ya kira Umaru Sanda na Kaikai, sai Iro ƙanen Sanda ya ɗaga shebur ya ce na'am, da iyakar gaskiyarshi, don haka anka saba. Hoto ga dattijo da farin gemu, gabanshi ga mutum haɓa sumul. Mai bincike ya waiwayo ya dube ni. Ni kuma, da halin bai barin mai shi, na ce, ranka shi daɗe, iskar Kaikai ce, tana maida tsoho yaro. Leburori sunka kwashe da dariya. Shi bai yi ba, rubutu ya yi. Nan na natsu na kwance mashi zancen shebur daga tushe. Ya saurara har na gama, ya ce ya fahimta, amma babu wanga a cikin doka, shi kuma abin da ya gani zai kai. Cikin mutum goma sha huɗu, tara ba fuskokinsu ba ne. Ba a jima ba takardarku ta iso: duk taran an sallame su saboda sojan gona, ni an ja mani kunne, kuma ni zan bi su in gaya masu in amso shebur ɗin gwamnati.

Na huɗu. Na bi su. Na hau keke na je Mawashi, na je Boko, na je Kusada. Ni da in na shiga gari yara ke bi na don su ji abin dariya, na koma mai kai saƙon mutuwa. Wani ya ji, ya shiga ɗaki ya ɗauko shebur, ya goge shi da gefen riga ya miƙo mani. Wani ya ce, Tankifa, ba kai ka ce mu je mu yi shuka ba? Na ce ni ne. Ya ce to. Wannan "to" ɗin har yau ina jin ta a kunnena. Yanzu in na ratsa kasuwar Kusada, masu tsiren da ke kirana in zo in ɗanɗana sai su duƙa suna gyaran wuta.

Kun ce in ɗauki sababbi. Wa zan ɗauka? Da can, in gurbi guda ya samu, zaurena cika shike tun da asuba, wani da ɗan ƙanenshi, wani da zakara, wani da gaisuwar wani babba. Yanzu motar kamfani ke tsayawa tasha tana kwasar samari zuwa Kano da Kaduna, inda ake shimfiɗa kwalta ana ta da benaye, abin da suke samu a sati mu sai wata. Na sa sanƙira ya zaga kasuwa shina shela ana neman leburori. Mutum guda ya zo, shi ma tambaya ya yi ko akwai aikin gadi, don bayanshi bai son duƙawa. Cikin waɗanda kunka sallama, fiye da rabi sun bi motar nan tsakiyar damina, abin da ban taɓa gani ba, cirani da ruwa bisa kai. Iro ma ya bi su, ya ce shi ya jawo ma mutane, bai iya zama garin. Hanya kuwa ta zaizaye gab da Mawashi, babbar mota ta daina bi, mata masu kai nono Kankiya su ke ba ni labarin inda ta ƙara cinyewa. Amma ba don hanya na rubuto ba. Hanya in rani ya yi a gyara.

Na biyar, kuma nan ne ciwon shike. Takwas na gaya masu sun ji. Na taran shi ne Sanda.

Sanda ɗan Gwaggo Ai ne, yayar babana. Ke nan taubashina ne, ni ɗan namiji shi ɗan mace. Ku da kunka daɗe a birni wataƙila abin ya fara shuɗe maku, to bari in tuna maku: tsakanin taubasai ba a zancen hankali. Ni ubangida, shi bawa, haka munka gada. Shi ce mani mai tulun ciki, in ce mashi mai kunnen jemage, watan cika-ciki shi zo shi tsare mani ƙofa sai na ba shi na shara. Ya girme ni nesa. Da shi anka zuba burjin farko na hanyar ga, kuma shi ya kama hannuna ya kai ni anka ɗauke ni masinja. Tun ranar da anka ba ni tebur, ba safiyar da ta waye ban tarbe shi da magana guda ba. In hango shi tafe da shebur a kafaɗa, in ce, "Bawana, juya, an kore ka." Shi ko shi ce, "Madalla, ɗan kawu, bari in gama ramin ga in tafi." Leburori su yi dariya a kama aiki. Ita ce ina kwananmu, shekara da shekaru.

Ban tsaya nan ba. Na taɓa ɗauko takardar siminti mai hatimi na karanta mashi gaban jama'a cewa an naɗa shi babban injiniya, sai da ya sayi goro ya raba kafin shi gane. Sannan na sha faɗi a tasha cewa Sakatare bai kurɓar shayi sai ya tambayi me Lawal ya ce. Ranka shi daɗe, ka yafe mani, na san ko karo munka yi a hanya ba ka shaida ni. Duk Kankiya an san cika baki ne irin nawa. Sanda kaɗai ya ɗauka ya adana.

Shi na bari ƙarshe. Na iske shi bakin kwalbatin Kaikai, inda shanun Fulani ke ƙetarewa suna fasa gefen hanya, shi kuma kullum shina gyarawa. Na sauka daga keke, na tsuke fuska iyakar iyawata, na ce, "Sanda, an kore ka." Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Madalla, ɗan kawu, bari in gama ramin ga." Na ce yau ba wasa ba ne. Ya ce ai jiya ma haka na ce. Na fiddo takardarku na karanta mashi ina tuntuɓe. Ya amsa, ya juya ta, ya shinshina, ya ce, "Wagga ba ta warin siminti, ka ƙara wayo." Ya ninke ta ya cusa ƙarƙashin hula, ya ce ta yi mashi maganin zufa. Tana nan bisa kanshi har yau.

Na shida. Kada ku ce ban yi ƙoƙari ba, ga abin da na yi ɗaya bayan ɗaya.

Na tura mashi biyu daga cikin waɗanda anka sallama su gaya mashi. Ya yi masu jaje ƙwarai, har ya raka su. Ya ce su an kore su, Allah shi musanya masu da alheri, amma shi ɗan kawunshi ne wanda Sakatare bai shan shayi sai da shi, wa zai taɓa shi?

Na ce to ƙarshen wata zai gane, in ya ga ba sunanshi wajen biya. Wata ya ƙare, bai samu ko kwabo ba. Ya ce wanga ba sabon abu ba ne, bara ma sai da munka haɗa wata uku ba albashi. Wannan kam ku kunka koya mashi, ba ni ba.

Na faki idonshi shina salla na ɗauke shebur ɗin, mai alamar ƙafar kaza, na kulle a sito. Washegari sai ga shi da na aro daga wajen wani magini, shina tsaida masu wucewa shina ba su labarin ubangida ɓarawo da ke sace ma bawanshi kayan aiki. Anka yi ta dariya, har da masu nono.

Na je wajen mai unguwarsu na roƙe shi shi kira shi shi gaya mashi. Dattijon ya ce shi bai shiga tsakanin taubasai, wanda ya shiga shi ke jin kunya, kuma bai manta ba da shi anka ci goron injiniya.

Daga ƙarshe, ranar Juma'a bayan an sauko, na sa babbar rigata ta zuwa ta'aziyya na tafi Kaikai. Na zauna zaure ban yi ma kowa wasa ba. Gwaggo Ai ta fito tana dogara sanda, ta ce ku biyun ga har yau ba ku girma ba, ta koma. Na dubi Sanda na ce zan rantse mashi. Na buɗe baki na ce "Wallahi", sai ya yi wuf ya rufe mani baki da tafin hannu. Ya ce, "Kul, ɗan kawu. Kada ka rantse kan wasa. Azumin kaffara ba ka iya shi, kai da na watan azumi ma sai an yi ta ba ka baki." Bakinshi dariya shike, ranka shi daɗe, amma ya ƙi ɗauke hannun daga bakina. Na dubi idonshi, ya kau da kai ya kira a kawo mamu fura. Ni kuma na haɗiye sauran rantsuwar.

Tun ranar nike tunani, wataƙila Sanda ya sani. Wataƙila tun bakin kwalbati ya sani. Amma muddin maganar daga bakina take fitowa, wasa ce, muddin kuwa wasa ce, shina da aiki. Mutum ya ba hanya ƙarfinshi tun gemunshi na baƙi, ya saba a ce ga Sanda na gwamnati, yau a ce mashi ɗan sojan gona, ina zai aje wagga magana? Ya samu inuwa guda ya fake, inuwar kuwa ni ne. Ni na gina ta da bakina, yanzu na kasa rushe ta.

Ga abin da ya hana ni barci. Tun ranar binciken nan Sanda bai ƙara aiko kowa ba. Kullum da kanshi shike zuwa, ya riga kowa, shi ke tashi ƙarshe, wai kada mai hoto shi dawo shi iske babu shi. Iro ya tafi. Ɗiyan Sanda mata ne, namijin bai isa riƙon hauya ba. Da zan baro Kaikai ran Juma'ar nan na bi ta gonarshi. Geron da ya shuka ranar Talatar nan, wanda saboda shi anka kore shi, ya fito kyakkyawa kamar an jera da hannu. Ba a yi mashi noman fari ba. Harƙiya da ƙarangiya sun kai mashi wuya, ya fara yin rawaya. Maƙwabta sun shiga maimai. Gidan nan akwai Gwaggo, akwai matarshi, akwai yara, duk geron nan suke jira, don albashin lebura dama cefane ne, rumbu shi ne abinci.

Na ɗauki hauya na je da kaina Lahadi biyu. Ni da na sha cewa a ƙuruciyata ni kaɗai gayya ne, kunya uku na yi na kwanta gindin gawo ina haki, tulun cikin nan da Sanda ke faɗi ashe gaskiya ne. Na nemi a kira mashi gayya. Mutane sunka ce yaya za a bar gonakin marasa ƙarfi a yi ma mai albashi noma, mutumin da kullum ake gani shina wucewa aiki da shebur a kafaɗa? Na ce an kore shi. Sunka ce, kai Tankifa, har yanzu?

Ke nan aikin ya tafi, gonar na bin shi. Mutum shina fasa ƙasa kyauta a kan hanyar da ba a san da shi ba, abincin shekararshi na mutuwa bayanshi. In maimai ya wuce ba a shiga gonar nan ba, ko kara ba za a samu na kirki ba.

Ni kaina ban san inda nike ba. Ni da ake jin muryata daga tasha har bakin asibiti, yanzu mai ɗakina tambayata take ko haƙori ke ciwo. Gaisuwar nan ta safe na daina ta, ba ta fita. Shekaranjiya na iso kwalbati na tsaya riƙe da keke. Sanda ya dogara shebur ɗin aro, ya dube ni, ya ce, "Yau ba ka kore ni ba, ɗan kawu. Lafiya?"

Saboda haka, ranka shi daɗe, ga roƙona.

Na farko, ku sake duba maganar mutum taran nan. Ba su saci kwabon kowa ba, kowace rana anka biya an yi aikinta. In hukunci ya zama dole, ni na ce su tafi shuka, ga teburina nan, ku amshe shi da aljihunshi biyu. Na faɗi wanga ne don kada gobe a ce ban faɗa ba. Na san takardar da ta fito daga ofishinku ba ta komawa, ban taɓa ganin wadda ta koma ba.

Na biyu, in Allah ya sa wata rana kunka zauna gyaran doka, ku sa ma leburan ƙauye hutun shuka, ko kwana kaɗan ne, a rubuce da hatimi, don wanda zai gaje ni kada shi ba mutane bakinshi jingina kamar yadda na yi. Wanga ma ban sa rai in gani da idona ba.

Na san za a karanta wasiƙar ga a tashar Kankiya, kafin la'asar labari ya kai Kaikai. Kada ku zaci hakan zai yi magani. Da ya ji sunana a ƙasan wasiƙar zai ce ɗan kawu ya kai wasan har jarida, shi sa a ƙara karanta mashi wajen tulun ciki.

Allah shi ja zamaninku, shi ƙara girma, shi kare ku daga sharrin masu sharri. Allah shi ba ku ma'aikata masu jin magana, shi raya maku zuri'a. Allah shi sa kada ranar ta zo da za ku faɗi gaskiya ga wanda kuke ƙauna shi yi maku dariya. Amin.

Saura na uku, shi kam kuna iyawa, ko gobe. Ku aiko mani da mutum guda wanda bai dariya. Kuna da su da yawa nan hedikwata, na gan su ranar da na wuni bisa benci. A zaɓo wanda ba ɗan ƙasar ga ba, wanda bai da taubashi ko guda tsakanin Kankiya da Kusada. A sa shi cikin mota, shi zo da safe shi tsaya bakin kwalbatin Kaikai. Zai ga dattijo mai farin gemu da shebur ɗin aro, takardarku na ƙarƙashin hularshi. Shi yi mashi sallama da ladabi, don ya haife shi. Shi gaya mashi da Hausa sosai, kuma kada shi tafi sai ya ga ya aje shebur. Ku aiko shi kafin maimai shi wuce. Ku sanar da ni ranar, don ni ba zan tsaya wurin ba. Zan wuce gonar in jira shi da hauya biyu.

Wassalam.

Naku mai biyayya,
Lawal Tankifa, Kankiya.